Yinin dutse: yadda za ku fita daga Kano ku dawo kafin magariba

Ƙannena na unguwa sun saba ganina ranar Asabar bayan sallar asuba da jaka a baya, mu biyar ko shida muna jiran mota a bakin titi. Da yamma idan muka dawo jajawur da ƙura, sai tambaya ta tashi a majalisa: ina kuka je, nawa kuka kashe, ba ku tsoro? Yanzu da wasunsu suka ɗaura niyyar fita da kansu, na ga ya dace in amsa musu a tsanake.

Yaya, Kano fa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Wane dutse za mu hau?

Ƙanena, garin da aka kafa a gindin dutse ba a ce masa ba shi da dutse. Dala na nan a tsakiyar birni, Goron Dutse na kallonsa daga yamma. Ka fita arewa kaɗan ta wajen filin jirgin sama ka iske duwatsun Fanisau, inda Sarki ke zuwa hawa bayan salla. A ƙasar Dawakin Kudu akwai Santolo, wanda tarihin Kano ya ce mutanensa sun daɗe suna gagarar sarakunan birni, sai a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, aka ci su da yaƙi.

Idan kuna da mota, kudu ta fi albarka. Ku bi titin Zariya ku ratse ta Bunkure zuwa Rano, garin da manyan duwatsu suka yi wa ƙawanya. Gaba kaɗan ga Rurum, ga madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, inda dutse da ruwa suka haɗu wuri guda. Ta gabas kuma, idan kun wuce Wudil, akwai Dutse babban birnin Jigawa, wanda sunansa ma ya gaya maka abin da ke can, sannan Birnin Kudu mai zanen mutanen da a jikin duwatsu. Tsaunuka na gaske, waɗanda suka haura mita 1,000 daga doron teku, suna Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙuryar kudancin jihar, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Zan dawo kan Riruwai, domin tana da nata sharaɗin.

Da wanne ya kamata mu fara?

Da Dala, ko da kuwa kuna ganin ya yi muku kaɗan. Tsayinsa kimanin mita 534 ne daga doron teku, amma daga gindinsa zuwa sama 'yan mintuna ne, ga matakala ta siminti. Amfaninsa shi ne a nan za ku san juna. Wanda ya tsaya sau uku yana haki a Dala, kun san ba za ku kai shi Rano ku sa shi a gaba ba.

Ku je da sanyin safiya, kafin hayaƙin gari ya tashi. Idan ka tsaya a saman nan iska na kaɗa rigarka, za ka ga koriyar ƙubbar Babban Masallacin Juma'a, ka ga bishiyoyin Gidan Rumfa, ka nemo rufin Kasuwar Kurmi a cikin cunkoson gidaje. Sautin gari yana hawowa a hankali: ƙarar injin markaɗe, karatun almajirai, hon ɗin Adaidaita Sahu. A wannan wuri ne aka ce Barbushe yake hawa ya gana da Tsumburbura ya sauko wa jama'a da labarin shekara, kuma a kewayensa maƙera suka narka tama tun kafin a san sarautar Bagauda. Ni dai duk sanda na hau sai na ji garin ya ƙara shiga raina, sai kuma in ji ciwon yadda zaizaya da shara ke cin gefensa.

Idan natsuwa kuke so, kada ku zaɓi ranar Takutaha, wato bikin da ake yi mako guda bayan Mauludi, domin ranar ce jama'a ke yin dafifi a kansa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, wato Oktoba zuwa Janairu. A ƙarshen Oktoba ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sararin sama garau. Idan hazo ya sauko a Disamba da Janairu za ku sami sanyi mai daɗin tafiya, sai dai hangen nesa ya ragu, kuma mai asma ya riƙe maganinsa a aljihu.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, falalen dutse kuwa da hantsi ya riga ya zama tanda, ba ka iya dafa shi da hannu. Damina ta fi kowane lokaci kyau a ido, ta kuma fi kowane haɗari: gansakuka na sa santsi, ƙorama na cika cikin mintuna, tsawa na neman wuri mafi tsayi. Idan kun ga walƙiya, ku ƙirga. Ƙara na cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, saboda haka idan tsawar ta iso kafin ku kai talatin, hadarin ya matso, ku sauka, kuma kada ku fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Mu nawa za mu je, kuma yaya batun kuɗi?

Kada ku gaza huɗu. Idan ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Kada kuma ku wuce abin da mutum ɗaya zai iya ƙirgawa da ido, takwas zuwa goma.

Ku yi karo-karo kwana biyu kafin tafiya, ku ba mutum ɗaya amanar kuɗin. Shatar mota ta fi bin motar haya, domin matsalar ƙauye ita ce dawowa: bayan la'asar mota na wuya. Ku yi ciniki da direba har da zaman jira. A ware wani abu da ba a taɓawa, na faci ko asibiti.

Dutse ai na Allah ne. Sai mun nemi izinin wani?

A nan ne na fi so ku saurare ni. Babu dutsen da ba shi da mutanensa. Gonar wani ce a gindinsa, makiyayi na kai dabbobi can, wani kogon maƙabarta ce ta kakanni, wani kuma mutanen gari suna da dalilinsu na ƙin shigarsa. Ku da kuka zo daga birni da jakunkuna, a wannan zamani na fargaba, idan kuka wuce kai tsaye kuka nufi daji ba sallama, kada ku ga laifin wanda ya ɗauke ku miyagu.

Da kun sauka a mota, ku tambayi gidan mai unguwa ko dagaci. Ku cire takalmi, ku durƙusa, babbanku ya yi magana: "Ranka ya daɗe, daga Kano muke, mun zo ganin dutsenku ne, muna neman izini da wanda zai yi mana jagora." Ku riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa. Ban taɓa yin haka aka kore ni ba. Sau da yawa ma sai a kira wani saurayi ko maharbi a ce ya raka mu.

Wata rana a wani ƙauye na kudancin Kano, mun hango wata hanya mai sauƙi ta tsakanin duwatsu biyu, muka nufe ta. Yaron da aka haɗa mu da shi, bai fi shekara goma sha biyar ba, ya ɗaga sandarsa ya tare mu. "Malam, ba ta nan ba," in ji shi, ya nuna wani tsagi a sama. Sai da muka ƙura ido muka ga baƙin abu na motsi a bakin tsagin: ƙudan zuma ne, gari guda. Ya zagaya da mu ta wata hanya mai tsawo, ya nuna mana inda ruwa ke kwanciya a kwarmin dutse har rani, da kashin rema a bakin kogo. Baƙo ko da ido makaho ne. Ku sallami ɗan jagora da kyau, ku ci abinci tare da shi.

To batun tsaro fa? Ana maganar dajin Falgore.

Maganar gaskiya ce. Hanyar Riruwai ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada take bi ta ratsa Falgore, dajin da aka sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a cikinsa. Hali na sauyawa, don haka labarin bara ba ya amfani bana. Ku tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, ku nemi ɗan gari ya tabbatar muku a daren tafiya, ku sanar da ofishin 'yan sanda ko 'yan sintiri idan kun isa. Ga kuma nisa: wanda bai bar Kano da asuba ba, dare zai yi masa a hanya. A ganina Riruwai ba ta masu farawa ba ce, kuma idan aka ce muku kada ku zo, ku fasa.

Ko ina za ku, ku bar wa wani babba a gida sunan garin, lambar direba da lokacin dawowa. Kada ku yaɗa inda kuke a Facebook ko WhatsApp sai kun dawo. Lambar gaggawa 112 ce, amma a bayan dutse sabis kan ɗauke.

Me za mu ɗauka?

Ruwa kafin komai: lita uku ga kowane mutum, wato ledar ruwa shida. Kambas mai ƙasan roba da ƙafa ta saba da shi. Silifas da takalmi sau ciki ku bar su a gida. Dogon wando saboda ƙarangiya da ƙaya, malafa ko hular hana salla, tocila, bandeji, da gishiri da sukari a ƙulle. Idan wani ya fara jiri da ciwon kai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa ya riƙa kurɓa. Idan ya fara sambatu, maganar asibiti ce.

Guzuri mara nauyi: gurasa da ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, gyaɗa, lemo. Duk ledar da ta hau da ku ta sauko da ku, domin awakin mutane na ci su mutu.

Mene ne ya fi jawo rauni?

Saukowa. Wajen hawa kowa na lura, wajen sauka an gaji, gwiwa na rawa, hankali ya koma gida, nan ake samun targaɗe da karaya. A kan falalen dutse mai gangara, ka juya gefe ka riƙa taka shi da tafin ƙafa duka, inda ya yi tsanani ka zauna ka ja jiki. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, saboda tsakuwar da ke gangarowa. Kada ka hau inda ba ka ga yadda za ka sauko ba.

Sai gasa da hoto. Samari idan sun haɗu kowa na son a ce shi ne gwani, wani ya tsaya a bakin gaɓa yana ɗaukar kansa. Mu ƙa'idarmu ita ce mafi rauni ya bi bayan ɗan jagora, mafi ƙarfi ya tsaya a ƙarshe, ba a wuce na gaba, ba a barin na baya. Tun a mota muke yanke lokacin juyawa, ƙarfe biyu na rana, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, domin a hunturu da misalin ƙarfe shida rana ta faɗi. A Tiga kuma, wanda bai iya ruwa ba kada ya shiga, wanda ya iya ma ya tambayi masunta.

Idan maciji ya sari wani fa?

Kububuwa da kasa suna son ƙarƙashin duwatsu, kunama ma haka, don haka kada ka cusa hannu inda idonka bai gani ba. Idan ƙaddara ta afka, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe ko agogo, a kwantar da shi, a ɗaura wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Dafin kububuwa na hana jini daskarewa, mutum na iya ganin kamar lafiyarsa ƙalau na sa'o'i, saboda haka ko ya ce ya warke a tafi da shi.

Salla fa?

Ku yi alwala kafin ku hau, ku ware ruwanta daban da na sha. Idan ruwa ya yi ƙaranci, taimama a kan dutse ta halatta a mazhabarmu ta Malikiyya. Batun ƙasaru ya danganta da nisa, ku tambayi malaminku kafin ku tashi.

Yaya, idan wuri ɗaya za ka zaɓa mana bayan Dala?

Birnin Kudu. Titin kwalta ne tun daga Kano, ana zuwa a dawo cikin yini ba gaggawa. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude za ku ga zanen shanu masu dogayen ƙaho da mutanen zamanin da suka yi da jan launi a ƙarƙashin inuwar dutse, waɗanda masana suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950, yanzu kuma suna hannun hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Akwai kuma duwatsun da idan aka buga su da ɗan dutse suke amsawa kamar ƙararrawa, har wurin bugun ya lotsa saboda daɗewa. Ku nemi mai kula da wurin ya buɗe muku. Kada ku shafa zanen da hannu, kada ku watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada kowa ya rubuta sunansa a jikin dutsen. Ku tashi daga Kano ƙarfe shida, ku karya a Wudil, kafin hantsi ya ɗaga kuna can.