Kafin ka zaɓi katin hoto na kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Katin da ya fi yawan gigabait shi ne ya fi ƙarfi?

A'a, kuma a nan ne masu saye suka fi yin tuntuɓe. Gigabait ɗin da ake rubutawa a jikin kwali girman ma'adanar katin ne, wato VRAM, inda yake ajiye zanuka da launukan da yake aiki da su a lokacin. Girmanta ba sauri ba ne. RTX 3060 na NVIDIA da ya fito a 2021 yana da gigabait 12, RTX 4060 na 2023 kuma 8 kawai gare shi, amma a yawancin wasanni na biyun ne ke gaba.

Sai dai ranar da ma'adanar ta cika, labari ya canza. Katin zai fara aron wuri a RAM, wato ma'adanar aiki ta kwamfutar kanta, wadda ta yi masa nisa, sai hoto ya riƙa tsayawa yana fizga, ko bango da tufafin cikin wasa su fito dishi-dishi kafin su cika. Saboda haka gigabait 8 na iya wadatarwa a allon 1080p (lambar na nuna yawan layukan ɗigon hoto a allo), amma mai allon 1440p ko mai gwada manhajojin basirar na'ura a kwamfutarsa gara ya nemi 12 zuwa 16.

To mene ne faɗin hanya da ake rubutawa 128-bit ko 192-bit?

Shi ne faɗin titin da bayanai ke bi tsakanin ma'adana da ƙwaƙwalwar katin. Lissafinsa mai sauƙi ne: raba faɗin da 8, ka ninka da saurin ma'adanar. RTX 3060 na da 192, saurinsa 15, ya ba da gigabait 360 a daƙiƙa. RTX 4060 na da 128 da sauri 17, ya ba da 272. A takarda sabon ya ci baya ke nan. Abin da ya cece shi wata 'yar ma'adana ce mai saurin gaske a cikin ƙwaƙwalwar kanta, mai suna L2, wadda aka ɗaga daga megabait 3 zuwa 24, don haka ba ya yawan komawa babbar ma'adana. Dabarar na aiki sosai a 1080p. Da ka hau 4K, inda ɗigon hoto ya kai kusan miliyan 8.3 maimakon miliyan 2, ƙuncin hanyar kan bayyana.

Nau'in ma'adanar ma abin lura ne. GT 1030 ya fito iri biyu da suna ɗaya: mai GDDR5 yana tura kusan gigabait 48 a daƙiƙa, mai DDR4 kuwa bai kai 17 ba. Kwali kusan iri ɗaya, aiki kuwa sama da ƙasa. Karanta ƙananan rubutun.

Zan iya kwatanta yawan ƙwayoyin sarrafawa na NVIDIA da na AMD?

Kar ka yi. RTX 4060 na da 3,072, Radeon RX 7600 na da 2,048, kuma a wasa ajinsu ɗaya. Ginin ya bambanta, ƙirgan ma haka. Wannan lamba, da lambar megahaz mai nuna saurin ƙwaƙwalwar katin, suna da amfani ne kawai tsakanin katuna 'yan gida ɗaya kuma 'yan zamani ɗaya.

Idan lambobin kwali ba su isa ba, da me zan auna?

Da gwajin ainihin aikin da za ka yi. Nemi sakamakon da aka gwada katunan biyu a kwamfuta ɗaya, wasa ɗaya, girman allo ɗaya, saiti ɗaya. Sannan kada ka tsaya a matsakaicin yawan hotuna a daƙiƙa, wato FPS. Duba lambar da ke nuna kashi 1 cikin ɗari mafi muni na lokacin wasan. Katin da matsakaicinsa 90 amma yana faɗowa 35 zai fi damun ido fiye da wanda ke riƙe 75 yana sauka 60. Dalili shi ne a FPS 60 kowane hoto na ɗaukar kusan milisakan 16.7, kuma ido yana kama hoto ɗaya da ya yi jinkiri ya kai 40 ko 50 nan take.

A kula da DLSS na NVIDIA, FSR na AMD da XeSS na Intel. Suna zana hoton a ƙarami su faɗaɗa shi, wasu kuma suna ƙirƙiro hotuna su cusa a tsakani. Fasaha ce mai kyau, amma hoton da aka ƙirƙiro ba ya sa wasa ya amsa hannunka da wuri. Kwatanta kati mai wannan a kunne da wani a kashe zalunci ne ga na biyun.

Mai tace bidiyo ya duba ko katin na iya matse bidiyo da kansa. RX 6500 XT, misali, ba shi da wannan sashe. Mai aikin basirar na'ura kuma zai tarar manhajoji da yawa an gina su ne a kan CUDA, fasahar sa kati ya yi lissafi, wadda ta NVIDIA ce kaɗai.

Na sayi kati mai ƙarfi amma kwamfutar na mutuwa a tsakiyar wasa. Me ya jawo?

Fara da na'urar ba da wuta. Ramin PCIe da ake soka katin a ciki, a jikin motherboard ɗin kwamfuta, yana ba da wat 75, waya mai baki 6 tana ƙara 75, mai baki 8 kuma 150. RTX 4060 na cin wat 115, RTX 4090 kuwa 450, kuma NVIDIA ta ba da shawarar na'ura mai wat 850 a kansa. Kati yakan zuƙi wuta fiye da ƙa'idarsa na ɗan ƙiftawar ido, na'ura mara inganci sai ta yanke don kare kanta. Idan katin na buƙatar waya biyu, ja kowace daban daga na'urar maimakon raba guda ɗaya. Sabuwar waya mai baki 16 kuma a tura ta har sai ta yi ƙas, kada a lanƙwasa ta dab da baki, domin rashin shigarta sosai na cikin abin da ya narkar da bakin wasu wayoyin.

Idan ba mutuwa take ba, sauri ne ke raguwa bayan minti goma, zafi ne. Share ƙurar fanka, ka tabbata iska na shiga akwatin tana fita.

Katin laftof mai suna ɗaya da na tebur ƙarfinsu ɗaya?

Ko kusa. RTX 4090 na tebur yana da gigabait 24. Na laftof 16 gare shi, ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, wutarsa ba ta kai rabin ta na tebur ba. Laftof biyu masu kati ɗaya ma kan bambanta, gwargwadon wat ɗin da kamfanin ya sakar wa katin, don haka nemi wannan lambar a takardar bayanin na'urar kafin ka biya.