Sa Ido kan Ƙyamar Yahudawa a Shafukan Sada Zumunta

Sa ido kan ƙyamar Yahudawa a shafukan sada zumunta aiki ne da ƙungiyoyi masu zaman kansu da jami'o'i da gwamnatoci da kamfanonin intanet ke yi domin gano rubutu ko hoto ko bidiyo da ke cin zarafin Yahudawa saboda addininsu ko asalinsu, sannan a ɗauki mataki a kai. Aikin ya fi ƙarfi a Turai da Amurka da Isra'ila, kuma ya bunƙasa ne daga wajen shekarar 2016.

Yawancin abin da ake yaɗawa tsohon zance ne da ya sami sabuwar kafa. Ƙagen da ke cewa Yahudawa ne ke juya bankuna da gwamnatocin duniya a ɓoye ya sami gindin zama tun daga wata takardar jabu, Protocols of the Elders of Zion, wadda ta fito a Rasha a 1903, jaridar The Times ta Landan kuma ta tona asirinta a 1921. Ban da wannan akwai musanta kisan ƙare dangi na Holocaust, wanda 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a cikinsa.

Abin da ya tayar da hankali

A ranar 27 ga Oktoba 2018 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa na Tree of Life da ke Pittsburgh a Amurka, jim kaɗan bayan ya sanar da aniyarsa a shafin Gab. Ranar 9 ga Oktoba 2019, a birnin Halle na Jamus, wani ya yi ƙoƙarin kutsawa wurin ibadar Yahudawa ranar Yom Kippur, rana mafi tsarki a addininsu, yana watsa abin kai tsaye a shafin bidiyo na Twitch. Ƙofa ta ƙi karyewa, sai ya kashe mutum biyu a waje. Waɗannan hare-hare sun raunana hujjar masu cewa abin da ake rubutawa a intanet fatar baki ce kawai.

Yadda ake ganowa

Nan ne wahalar take. Zagi a fili ba ya wuyar kamawa, domin manhaja na iya tace kalmomi. Amma masu yaɗa ƙiyayya sun daɗe da koyon zaurance. A 2016 aka farga da yadda suke saka sunan mutum cikin baka uku, kamar haka (((suna))), alamar cewa Bayahude ne, don 'yan uwansu su yi masa ca. Injin bincike ba ya kula da baka, saboda haka alamar ta daɗe tana yawo ba a lura ba. Har wata ƙaramar manhaja aka ƙirƙiro mai saka bakan a kan sunaye da kanta, kafin Google ya cire ta a watan Yunin shekarar. Haka lambar 88, wadda ke nufin gaisuwar 'yan Nazi ga Hitler, wato "Heil Hitler" (HH), kasancewar H harafi na takwas ne. Ana kuma sauya haruffa da lambobi, ko a ɓoye saƙo cikin hoton barkwanci. Da zarar an toshe wata alama, sai a fito da wata.

Shi ya sa ake haɗa na'ura da mutum. Manhaja ta tattaro dubban saƙonni, ƙwararru su duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a kai ƙorafi ga kamfani a jira a ga abin da zai yi. Cikin masu wannan aiki akwai ADL a Amurka, CST a Birtaniya, RIAS a Jamus da CyberWell a Isra'ila. A 2021 CCDH, cibiyar yaƙi da ƙiyayya a intanet, ta kai ƙorafi kan saƙonni 714 a manyan shafuka, ta tarar ba a ɗauki mataki kan kashi 84 cikin ɗari ba. Rahoton UNESCO na 2022 ya nuna kusan rabin abin da aka wallafa a fili kan Holocaust a Telegram musantawa ne ko murguɗa tarihi.

Dokoki da matakan kamfanoni

A watan Mayun 2016 Facebook da Microsoft da Twitter da YouTube suka yi wa Tarayyar Turai alkawarin duba yawancin ƙorafe-ƙorafe cikin awa 24. Jamus ta ga alkawari bai wadatar ba, ta kafa dokar NetzDG a 2017 da tarar da ka iya kaiwa yuro miliyan 50. Daga baya dokar DSA ta Tarayyar Turai ta tanadi tara har kashi 6 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. A Amurka lamarin daban yake, saboda tsarin mulki ya kare 'yancin magana, kuma sashe na 230 na wata dokar 1996 ya sauke wa shafuka alhakin yawancin abin da masu amfani da su suka rubuta.

Kamfanonin sun yi jan ƙafa. YouTube ya haramta musanta Holocaust a 2019. Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya ce a 2018 ba zai goge irin wannan rubutu ba, sai a Oktoban 2020 Facebook ya sauya matsayi. A 2022 TikTok ya fara tura masu binciken batun zuwa shafin AboutHolocaust.org na UNESCO da Majalisar Yahudawa ta Duniya.

Taƙaddama kan iyaka

Tambayar da ta fi raba kawuna ita ce inda sukar gwamnatin Isra'ila ta tsaya da inda ƙin Yahudawa ya fara. Ma'anar ƙyamar Yahudawa da IHRA, ƙawancen ƙasashe kan tunawa da Holocaust, ta amince da ita a Bucharest a 2016 tana da misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. Masu goyon bayanta na cewa sau da yawa ana fakewa da guzuma a harbi karsana, a ambaci Isra'ila alhali Yahudawa ake nufi. Masu suka, ciki har da Kenneth Stern wanda ya jagoranci rubuta daftarinta na farko, sun yi gargaɗin ana amfani da ita wajen rufe bakin masu kare Falasɗinawa. A 2021 wasu malaman jami'a suka fitar da Sanarwar Ƙudus a matsayin madadi. Duka damuwoyin biyu na gaskiya ne. Ɗora wa Bayahude mazaunin Paris laifin abin da sojojin Isra'ila suka aikata zalunci ne, haka ma goge rahoton ɗan jarida daga Gaza da sunan yaƙi da ƙiyayya. Wani bincike da Meta, mamallakin Facebook, ya sa kamfanin BSR ya gudanar, aka fitar a 2022, ya gano cewa a rikicin Isra'ila da Falasɗinawa na Mayun 2021 an wuce gona da iri wajen goge rubutun Larabci, an kuma yi sakaci da na Ibrananci. A Yulin 2024 Meta ya ce zai riƙa goge kalmar "Zionist", wato mai goyon bayan kafuwar ƙasar Yahudawa ta Isra'ila, idan an yi amfani da ita a madadin Bayahude don cin mutunci.

Bayan harin 7 ga Oktoba 2023 da yaƙin Gaza, ƙungiyoyin sa ido sun ba da rahoton ƙaruwar ƙyamar Yahudawa da ta Musulmi a lokaci guda. A daidai wannan tsakanin ne kuma aka riƙa rufe wa masu bincike ƙofa. X, wato tsohon Twitter, ya daina ba da bayanansa kyauta a 2023, ya kuma maka CCDH a kotu, ƙarar da alƙali ya yi watsi da ita a Maris 2024. Meta ya rufe manhajar CrowdTangle a Agustan 2024, wadda 'yan jarida da masana suka dogara da ita wajen bin sawun abin da ke yaɗuwa. Dokar DSA ta wajabta wa manyan shafuka buɗe bayanansu ga masu binciken da aka tantance, sai dai ikonta bai wuce ƙasashen Tarayyar Turai ba.