Takardar Kiran Zaman Taya Alƙali a Ingila: Wa Ta Shafa?

Wani saƙo yana yawo a WhatsApp tsakanin 'yan uwanmu mazauna Ingila, wai duk wanda ba shi da fasfon Birtaniya, idan kotu ta aiko masa da takardar kira ya shiga cikin mutum goma sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci, to ya yaga ta, domin tarkon jami'an shige da fice ne. Wannan magana ba ta da tushe, kuma wanda ya bi ta zai iya jawo wa kansa tarar da ta kai fam 1,000.

Dokar 1974 da ke aiki a Ingila da Wales ba ta tambayi fasfo ba. Abin da ta nema shi ne mutum ya kai shekara 18 bai wuce 75 ba, sunansa yana cikin rajistar masu zaɓe, kuma ya zauna a ƙasar aƙalla shekara biyar tun bayan da ya cika 13. Da yake Najeriya da Ghana da Kamaru suna cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ɗan ƙasashen nan mai izinin zama yana da damar yin rajistar zaɓe, kuma daga rajistar kwamfuta take zaƙulo sunaye.

Wanda ke kan beli, ko aka taɓa ɗaure shi shekara biyar ko fiye, an haramta masa zaman. Likitoci da 'yan sanda da limamai kuwa, dokar 2003 ta janye keɓe su da aka yi daga zaman.

Ana son a amsa takardar cikin kwana bakwai. Mai uzuri na gaskiya, kamar jarrabawa ko tiyata ko tafiyar da aka riga aka biya, yana iya neman a ɗage masa sau ɗaya zuwa wani lokaci cikin wata goma sha biyu. Musulmi yana iya rantsuwa da Alƙur'ani, ko ya ɗauki alkawari ba tare da littafi ba.

Inda hatsarin yake shi ne wayar hannu. Tun 2015, bincika sunan wanda ake tuhuma ko labarin shari'ar a intanet laifi ne ga mai taya alƙalin, wanda zai iya kai shi gidan yari har shekara biyu. Kafin ma dokar, a 2011 an ɗaure wata mata mai taya alƙali na tsawon wata takwas saboda ta tuntuɓi wadda aka tuhuma ta Facebook. Abin da aka tattauna a ɗakin shawara ma ba a ba da labarinsa ko da ga iyali, ko bayan an gama shari'ar.

Inda dokar ta gaza, a ganina, batun kuɗi ne. Zaman yakan ci kwana goma na aiki, dole ubangida ya saki ma'aikacinsa amma ba dole ya biya shi ba, kuma abin da kotu ke mayarwa na asarar albashi a kwanakin bai wuce fam 64.95 a rana ba. Direban tasi mai biyan haya a Manchester shi ya san zafin wannan lissafi.