Waiwaye: Ɗalibin likita da sanin yadda harkar lafiya ke tafiya a Ghana

An buɗe asibitin Korle Bu a Accra cikin 1923, zamanin Gwamna Guggisberg, amma aka yi kusan shekara 40 duk ɗan ƙasar da ke son zama likita sai ya bar gida. A 1962 ne aka fara koyar da likitoci a Ghana. Tsarin karatun na Turai ne: a san jikin mutum, a san cuta, a shiga ɗakin marasa lafiya bayan malami. Yadda mara lafiya ya iso gadon, da wanda zai biya kuɗin maganinsa, wannan ba ya cikin abin da ake ɗauka da muhimmanci.

Malaman farko sun lura da giɓin tun da wuri. A 1970 sashen lafiyar al'umma na makarantar likitocin Accra, wanda Farfesa Fred Sai na cikin jagororinsa, ya fara shirin Danfa a ƙauyukan bayan Accra. Ɗalibai suka riƙa fita suna ganin rijiyar da ake sha da ungozomar da ke karɓar haihuwa. Wannan kuwa shekara 8 ne kafin taron Alma-Ata na 1978, inda duniya ta amince lafiya daga matakin farko take somawa. A ganina ba a yaba wa mutanen nan yadda ya kamata ba.

Mu a Kumasi namu ya zo a 1975, da aka kafa makarantar likitoci a jami'ar KNUST, asibitin Komfo Anokye, wanda har gobe tsofaffinmu ke kira Gee, ya zama na koyarwa.

Sai dai sanin ƙauye daban, sanin kuɗi daban. A 1985 aka ƙara kuɗin asibiti, daga baya aka shiga tsarin nan na biya kafin a ba ka magani. Duk wanda ya yi wayo a unguwannin Aboabo ko Asawase na Kumasi a lokacin ya san yadda ake bi gida-gida ana haɗa kuɗin tiyata. Dokar 1996 ta kafa Hukumar Lafiya ta Ghana, ta bar asibitocin koyarwa da shugabancin kansu. Gwajin da aka yi a Navrongo, arewacin Ghana, ya haifi shirin CHPS a 1999, wanda ke zaunar da nas cikin jama'a. A 2003 aka yi dokar inshorar lafiya. Kowane ɗaya ya sauya aikin likita, likitoci da yawa kuma sai a bakin aiki suka koyi sabon tsarin.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne nan yankin Ashanti. A Janairun 2012 aka fara gwada wani salon biya: kowa ya zaɓi asibiti ɗaya, hukumar inshora ta riƙa ba asibitin kuɗi gwargwadon yawan waɗanda suka zaɓe shi, ko sun zo ko ba su zo ba. Masu asibitocin kuɗi suka ce abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, jama'a suka rikice, a 2017 aka dakatar da shi. A tsakanin nan, tsohuwa za ta zo da hawan jini, katinta a ƙulle cikin gefen mayafi, a ce mata ba nan aka rubuta ta ba. Matashin likita ya san maganin da ya dace da ita sarai, amma bai san hanyar da za ta bi ta same shi ba. Ta ce, "Yaro, to ina zan je?" Ya rasa ta cewa.

Amurka ma sai a 2013 ƙungiyar likitocinta ta fara tura makarantu su mai da sanin yadda harkar lafiya ke tafiya ginshiƙi na uku a karatun likita, bayan ilimin kimiyyar jiki da na duba marasa lafiya.

Yanzu akwai makarantun likitoci a Tamale da Cape Coast da Ho, ɗalibai kuma na zagayen lafiyar al'umma. Abin da nake so a ƙara shi ne a zaunar da su a teburin cike takardun inshora da ɗakin magani, su san abin da kati ke biya da wanda ba ya biya, su kuma bi takardar tura mara lafiya daga ƙaramin asibitin unguwa har Gee, kafin su shiga aikin horo na tsawon shekara 2 bayan kammala karatu.