Mazubin murfin matuƙi na ƙaramin jirgin sama mai rimot

Mazubin murfin matuƙi siffa ce da ake sassaƙawa da katako, filasta ko wani abu mai jure zafi, a lulluɓa mata fallen roba garai-garai da aka gasa har ya yi laushi, domin a fitar da murfin da ke rufe mazaunin matuƙi a ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot. An fi buƙatarsa a jiragen kwaikwayo, wato waɗanda ake ƙerawa su yi kama da wani jirgi na gaske a ma'auni kamar 1:4, 1:5 ko 1:6. Fiffike da gangar jiki suna ɓuya a ƙarƙashin fenti, amma murfi ba shi da abin ɓuya, ido na ratsa shi, kuma duk wani tabo ko karkata da ke jikin mazubin sai ya bayyana a jikin robar. Saboda haka mafi yawan aikin a kan mazubin yake ƙarewa: sassaƙa da goge shi kan ci kwanaki, jan robar kuwa daƙiƙoƙi ne.

Asali

Jiragen sama na farko buɗaɗɗen mazauni gare su, sai ɗan gilashin tare iska a gaban matuƙi. Da gudun jirage ya ƙaru a shekarun 1930, aka koma rufe mazaunin da ƙananan gilasai shafaffu da aka jera cikin firam na ƙarfe. Irin wannan murfi ne a jikin Messerschmitt Bf 109 na Jamus da jirgin koyarwa T-6 Texan na Amurka. Gilashi yana da nauyi, yana tarwatsewa, lanƙwasa shi kuma aiki ne ja.

Abin da ya sauya lamarin shi ne robar akirilik. Kamfanin Röhm & Haas na Jamus ya yi rajistar sunan Plexiglas a 1933, sannan kamfanin ICI na Ingila ya fito da nasa mai suna Perspex wajen tsakiyar shekarun 1930. Wannan roba ta fi gilashi sauƙin nauyi, kuma idan ta ji zafi tana bin kowace siffa. A Yaƙin Duniya na Biyu aka ga amfaninta sosai. Jirgin Spitfire ya samu murfi mai ƙullutu a gefuna wanda ya ba matuƙi damar leƙa bayansa, aka kuma sa irinsa, wanda aka sani da murfin Malcolm, a wasu jiragen P-51B da P-51C. Jirgin gwaji na Miles M.20 da ya tashi a 1940 yana cikin na farko-farko da suka ɗauki murfi mai siffar ɗigon ruwa, wanda ake ganin kowane ɓangare ta cikinsa. Hawker Typhoon da P-47D suka biyo baya, sai P-51D da ya shiga fagen daga a 1944 ya sa siffar ta shahara. Daga baya jiragen yaƙi irin su F-16, wanda samfurinsa ya fara tashi a 1974, suka koma robar folikabonet.

Masu ƙera ƙananan jirage sun bi wannan sauyi da wahala. A zamanin murfi mai shafaffun gilasai, yankan fallen seluloyid a manna shi kan firam ɗin katako ya wadatar, duk da cewa seluloyid na kama wuta nan take. Amma falle shafaffe ta fuska ɗaya kawai yake lanƙwasuwa. Murfi mai siffar ɗigon ruwa kuwa ya lanƙwasa ta tsawo da ta faɗi a lokaci guda, don haka dole sai an gasa robar an shimfiɗa ta a kan wata siffa. Daga nan mazubi ya shigo sana'ar. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce a huda rami a allon filawud daidai gindin murfin, a kafe fallen asetet a kansa, a gasa, sannan a danna sassaƙaƙƙen katako ta cikin ramin da hannu.

Sarrafa ƙananan jirage da rediyo ya faro ne wajen ƙarshen shekarun 1930. Jirgin Big Guff na tagwayen nan Walter da William Good na Amurka yana cikin waɗanda aka fi ambata a wannan tarihi. Sai dai jiragen kwaikwayo masu cikakken kamanni ba su yawaita ba sai a shekarun 1960, lokacin da na'urorin rediyo suka ƙanƙance suka kuma iya juya jirgi a hankali gwargwadon motsin yatsa. A farkon shekarun 1960 ɗin ne kuma kamfanin Mattel ya fitar da abin wasan yara mai suna Vac-U-Form, wanda ke gasa ɗan fallen roba ya zuƙe shi kan siffa. Masu ƙananan jirage da yawa sun mayar da shi kayan aiki, suka kuma kwaikwayi tsarinsa suka gina manya a gida.

Ire-iren mazubi

Iri biyu ne, mai tudu da mai rami, waɗanda masu sana'ar ke kira namiji da tamace. A mai tudu robar na hawa ta waje, don haka cikin murfin ne ke taɓa mazubi, wajensa ya fito sumul. Shi aka fi yi, domin sassaƙa shi ya fi sauƙi. A mai rami robar na faɗawa ciki, layukan firam da kawunan ƙusoshi suna fitowa sarai a waje, amma kowane aibi ma a wajen yake fitowa.

Sassaƙa

Aikin na farawa da zanen jirgin ta fuskoki uku: gefe, sama da gaba, haɗe da hotunan jirgin gaske. Idan murfin asali mita 2 ne, a ma'aunin 1:5 zai zama santimita 40. Ana manna zanen gefe a jikin gungumen katako a yanke da zarto, a manna zanen sama a sake yankewa, sannan a zagaye kusurwoyin da wuƙa da magagari. Don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya, ana yawan sa siririn filawud a tsakiya a matsayin ƙashin baya, a manna katako hagu da dama, a kuma yanka ma'aunai na kwali da za a riƙa ɗorawa a wurare daban-daban na tsawon. Wasu sun fi so su kafe gungumen a kan gangar jirgin na ɗan lokaci su goge su tare, ta yadda layin murfi zai zarce cikin layin jiki ba tare da tudu ba.

Katakon balsa yana da daɗin sassaƙa amma yana lotsewa, kuma zanen jijiyarsa na fitowa a roba. Allon MDF, wato na garin katako da aka matse, da aka jera hawa-hawa ba shi da jijiya, sai nauyi da ƙura. Soso mai tauri na folistirin yana narkewa a zafi, sai an rufe shi da zaren gilashi da gam ɗin efoksi. Idan akwai tsohon murfi da ya dushe ko ya tsage, ana iya shafa masa abin hana mannewa a zuba filasta a ciki, a samu mazubi ba tare da sassaƙa ba, amma sai filastar ta bushe ƙarau, domin danshi na zama tururi a ƙarƙashin roba mai zafi. Siffar da aka buga da na'urar 3D ta shigo a 'yan shekarun nan. Robar PLA da aka fi bugawa da ita tana laushi tun wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa ake cika cikinta da filasta ko a ɗauki zubi daga gare ta.

Akwai ƙa'idoji uku da ba a tsallakewa. Ana rage girman mazubi mai tudu gwargwadon kaurin robar, in ba haka ba murfin zai fi mazauninsa faɗi. Ana ƙara masa tsawo ta ƙasa da gaba da baya, kamar milimita 10 zuwa 20, domin lanƙwasar gindi da tattarewar roba su faɗa a wurin da za a yanke a yar. Sannan ana ɗan karkatar da gefunan zuwa ciki ta sama, da digiri 3 zuwa 5, saboda roba na tsukewa yayin da take hucewa ta riƙe mazubin gam. Murfi irin na Malcolm, wanda cikinsa ya fi gindinsa faɗi, ya saɓa wa wannan ƙa'ida. A nan akan raba mazubin gida uku, a fara zare na tsakiya, sauran biyun su fito cikin sauƙi.

Ƙarfi ma abin lura ne. Iska na danna kusan kilo 1 a kan kowane santimita murabba'i, kuma na'urar zuƙe ƙura ta gida, wadda ake zuƙo robar kan mazubi da ita, kan samar da kamar kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Ke nan mazubi mai gindin santimita 40 da 15 zai ɗauki nauyin da ya kai kilo 120. Mazubi mai fanko a ciki yakan rufta.

Fuskar mazubi

Bayan sassaƙa ana cike ramuka da foti, a toshe jijiyar katako da efoksi, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa lamba 400 ko 600. Fenti na yau da kullum ba ya jure zafin, yakan kumbura ko ya manne da robar. Inda fuskar mazubi ta yi kwari, kamar a layin gilashin gaba, ana huda ƙananan kafofi da ba su wuce milimita 1 ba, don iska ta samu mafita.

Masu sana'ar sun rabu a kan sheƙi. Wasu na goge mazubi har ya zama kamar madubi, wasu na cewa santsi da yawa na tare iska ya bar tabo, gara a bar shi da ɗan dishi-dishi. Akwai kuma masu lulluɓe shi da lallausan ƙyalle. Duk sun yarda cewa ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata murfi.

Roba da jan ta

Asetet da butiret su ne robobin da aka daɗe ana amfani da su. Yanzu PETG ta fi yawa, mai kaurin milimita 0.5 zuwa 1.5, domin tana fara laushi wajen digiri 80, ana jan ta tsakanin 120 da 160, kuma ba ta saurin tsagewa a almakashi. Folikabonet ta fi ƙarfi, sai dai tana shan danshi, idan ba a busar da ita ba sai ta cika da kumfa. Akirilik ta fi kowacce haske amma tana da saurin karyewa.

Ana kafe fallen a firam, a gasa shi a murhun lantarki har tsakiyarsa ya sauko kamar tumbi, a ɗauko da safar hannu a kifa kan mazubin da ke zaune a bisa akwati mai ramuka, a kunna na'urar zuƙa. Ana ɗan ɗumama mazubin tukuna, domin mai sanyi na sandarar da robar inda ta fara taɓawa ya bar zobe. Robar ba ta shimfiɗuwa daidai. Rabin ƙwallo ya ninka da'irar gindinsa faɗin fuska sau biyu, don haka kaurin falle kan ragu da rabi, kuma a mazubi mai tudu gefunan ne suka fi sirancewa. Zafi ya yi yawa, robar ta tattare a kusurwa ko ta yi fari; ya yi kaɗan, ta ƙi kwanciya. Ba kasafai ja na farko ke yin kyau ba, akan tanadi falle uku ko huɗu.

Ga ƙananan jirage akwai hanya mai sauƙi: a cusa mazubin cikin gorar lemo ta roba, a hura mata zafi, ta tsuke ta kama siffar.

Ƙarasawa

Ana yanke murfin da rara, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ya zauna. Firam ɗinsa akan yi shi da fenti daga ciki, da tef na alminiyam, ko da zaren gilashi da aka shimfiɗa a kan mazubin nan dai. Gam mai saurin kamawa na sa roba ta yi hazo, don haka ake amfani da farin gam mai bushewa garai-garai, ko ƙananan sukurori. Idan jirgin asali murfinsa mai duhu ne, ana tsoma na kwaikwayon a ruwan rini mai ɗumi.

A gasa

Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a Faris a 1905, ta ware rukunin F4C ga jiragen kwaikwayo masu rimot. Alƙalai na duba jirgin a ƙasa su gwada shi da zane da hotuna kafin a ba shi makin tashi, kuma ɗan gasa na bayyana sassan da ba shi ya ƙera da hannunsa ba.