Tattakin Santiago Ba Sai An Faro Daga Faransa Ba

Mutane da yawa sun daɗe suna zaton cewa wanda bai taka kusan kilomita 780 daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port na Faransa ba, ba zai samu takardar shaidar kammala tattakin ibada na Kiristoci zuwa birnin Santiago de Compostela da ke Sifaniya ba. Alhali ƙa'idar ofishin matafiya na babbar majami'ar birnin ita ce kilomita 100 a ƙafa, ko 200 a kan keke, shi ya sa garin Sarria na Sifaniya, mai nisan kilomita kusan 115 daga Santiago, ya zama mafarin mafi yawan jama'a.

Hanyar ma ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ke tashi daga Porto ta ƙasar Fotugal, ta bi gaɓar Tekun Atlantika ta Viana do Castelo, ta haye kogin Minho zuwa A Guarda, sannan Baiona da Vigo, kuma a ganina ta fi dacewa da mai keke. Abin da jami'in ofishin yake dubawa shi ne ɗan littafin matafiyi, wanda ake buga wa hatimi sau biyu kullum a masauki, majami'a ko gidan shayi, kowane hatimi da kwanan watansa.