Kuɗin Karatun Jami'ar Gwamnati a Jihar Kaduna

Kuɗin karatun jami'ar gwamnati, a ma'anar da wannan maƙala ta ɗauka, shi ne abin da ke fita daga aljihun iyaye ko waliyyin ɗalibi a shekarar karatu bayan an cire tallafi da rancen gwamnati. Manyan jami'o'in da batun ya shafa a Jihar Kaduna su ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1975, da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi.

Tarihi

A shekarun farko, ɗalibai da yawa a Zariya sun yi karatu ne da tallafin gwamnatin Jihar Arewa, daga baya kuma na jihohinsu, har ma wasu kan rage wani abu su aika gida. Wajajen 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya, amma a 1978 aka ƙara kuɗin abinci daga naira ɗaya da kwabo hamsin zuwa naira biyu a rana. Wannan ƙarin kwabo hamsin ne ya haddasa boren ɗalibai da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, wato "Ali Must Go", inda jami'an tsaro suka harbe ɗalibai a Zariya da Legas. Ciyarwar mai rahusa ta ƙare kusan tsakiyar shekarun 1980, kuma tun daga nan ɗalibi ke zuwa makaranta da risho da garin kwaki da ƙullin shinkafa daga gida. A takarda, har yanzu jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa, sai dai kuɗin rajista da na jarrabawa da na asibiti da na ɗaki suna yin aikinsa.

Jami'ar jiha

A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙara kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna daga ƙasa da naira 40,000 zuwa naira 150,000 ga mafi ƙaranci, abin da ya jawo zanga-zanga. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa naira 105,000.

Tallafi da rance

Hukumar tallafin karatu da rance ta jihar tana ba 'yan asalin jihar tallafi. Asusun rancen ɗalibai na tarayya, NELFUND, ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata ba tare da kuɗin ruwa ba, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta fi son a mayar da shi kyauta.

Abin da ya rage wa iyaye

Kuɗin haya shi ne babban nauyin da rancen bai ɗauke ba, domin gadajen kwana a makaranta ba sa isa, kuma masu gidaje a Samaru, unguwar da Jami'ar Ahmadu Bello take, kan nemi kuɗin shekara a dunƙule. Yajin aikin wata takwas da ASUU ta yi a 2022 ya sa iyaye da dama suka biya hayar ɗakin da ya kwana a kulle, sannan janye tallafin man fetur a 2023 ya ɗaga kuɗin mota tsakanin Kaduna da Zariya da Kafanchan, inda jami'ar jihar ke da reshe.